Gaisuwa a Cikin Taɓo

Tun ranar da Hajiya Jummai ta sauka a Dubai, Khairunnisa ba ta ƙara cin abinci ya yi mata daɗi ba. Sunan zuwan dai sarin abaya da turaren wuta ne, kamar yadda ta saba duk shekara, amma kowa a gidan ya san abin da ya taso ta daga Kano wannan karon. Ta zo ne ta raba autarta Khairunnisa da saurayinta Zailani.

Laifin Zailani guda ɗaya ne, shi ma ba shi ya aikata ba. Mahaifinsa mahauci ne a Gusau, kakansa ma a kan sana'ar ya tsufa. Shi kuwa Zailani ya yi karatunsa, ya samu aiki a wani katafaren gidan sanyi da ke Dubai Investments Park, yana duba lafiyar naman da ake shigowa da shi ƙasar. Ranar da aka yi wa Hajiya bayanin aikin nasa, dariya ta yi har da tafa hannu.

"Ashe dai fawar ce!" ta ce. "Sai dai shi tasa an saka mata firij."

Ya zo gaishe ta a gidan Badaru, yayan Khairunnisa, da ke unguwar Deira, inda ita ma Khairunnisar take zaune. Badaru ya tare shi a bakin lifta ya ce Hajiya tana barci. Ya sake dawowa da ledar dabino, aka ce masa ta shiga kasuwa, alhali yana jiyo muryarta daga falo tana yi wa wani faɗa a waya. Kuma a wajen su Zailani magana ce sananniya: muddin uwa ba ta amsa gaisuwar mai neman 'yarta ba, babu dattijon da zai ɗauki ƙafa ya je neman auren, don ba mai son a kunyata furfurarsa.

Ga shi jibi Lahadi Hajiya za ta koma Kano. Ta riga ta faɗa, tana sauka za ta wuce gidan Kawu Sanda, ƙanin marigayi mahaifinsu, ta ce ya ba iyayen Haidar rana su kawo gaisuwa. Khairunnisa ba yarinya ba ce da za a ƙaƙaba wa abin da ba ta so. Tana aikinta a kantin magani, da albashinta da bizarta, tana iya cewa a'a. Abin da ba za ta iya ba shi ne shiga ɗakin miji babu albarkar uwa.

Haidar ɗin nan ɗan ƙawar Hajiya ne, abokin Badaru a harkar aika kaya gida, mai shagon waya a Deira da agogon da ya fi ƙarfin hannunsa. Shi ya kawo shawarar a fitar da Hajiya shan iska kafin ta tafi.

"Umma, kullum daga flat sai kasuwa, daga kasuwa sai flat," ya ce. "Akwai wani kurmi a cikin ruwa can wajen Ajman, an keɓe shi saboda tsuntsaye, ko reshe ba a karyawa. Da ƙananan jirage ake shiga. Wallahi in kika koma da hotunan, ƙawayenki sai sun yi ciwon kai."

Da safiyar Juma'ar Khairunnisa ta kulle kanta a ɗaki ta kira Zailani. Ita dai kuka ta kira ta yi masa, sai bakinta ya suɓuce ta faɗi inda za su.

Ya ce, "A can babu lifta, babu ƙofar da za a rufe. Zan zo."

"Zailani, ka iya tuƙa jirgi?"

"Ko a rafin garinmu ban taɓa shiga ba."

"To don Allah kar ka zo. Yaya Badaru zai wulaƙanta ka a gaban mutane."

"Ya riga ya yi, ban mutu ba. Gaisuwa kawai zan kawo, Khairi. In ta amsa, gobe baffana zai kama hanyar Kano."

Bayan an sauko daga masallaci suka kama hanya a motar Haidar. Lokacin sanyi ne, rana ba ta da zafi. A bakin ruwa suka tarar an jere ƙananan kwalekwale na roba, ja da ruwan ɗorawa, waɗanda ake kira kayak. Hajiya ta riƙe ƙugu tana ƙare musu kallo.

"Haidar, a cikin wannan bahon wankin za ka saka ni?"

"Ba ya kifewa, Umma, wallahi. Ruwan ma iya gwiwa ne a wurare da yawa."

Jagoransu, wani siririn ɗan Sri Lanka, ya miƙo rigunan ceto. Da kyar aka ɗaure ta Hajiya a kan hijabi, tana ta mitar an matse mata numfashi. Haidar ya gyara murya ya ce tunda jiragen masu ɗaukar mutum biyu ne, shi sai ya ɗauki Khairunnisa, Badaru ya ɗauki Umma. Duk son da Hajiya ke yi masa sai da ta watsa masa harara.

"Ba a ɗaura ba tukuna, ɗan nan. Mata da mata, maza da maza."

Haka aka yi. Hajiya a gaba, an ɗora mata filafili a cinya tana riƙe da shi kamar an ba ta ajiyar muciya, Khairunnisa a baya tana tuƙi, don ta taɓa zuwa da abokan aikinta. Badaru da Haidar suka bi bayan jagora suna karo da filafilan juna, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Wurin yana da kyau, ba a hana shi. Itatuwa ne gajeru masu duhun ganye sun tsiro a cikin ruwan gishiri, suka bar 'yan lunguna da jirgi ke bi. Ruwa ya janye a lokacin, gefe da gefe duk taɓo ne, ƙananan ƙaguwoyi na guje-guje a kai. Balbela ta cika rassa, can nesa kuma ga wasu tsuntsaye ruwan hoda masu dogayen ƙafafu sun tsoma kai a ruwa. Amma mai ciwo a zuci ba ya ganin kyan wuri. Khairunnisa ƙeyar mahaifiyarta kawai take kallo.

Da farko Hajiya idonta a rufe yake tana jan salati. Da ta ga ba su nutse ba, sai ta buɗe ido, ta buɗe baki.

"Dubi yadda yaron nan ke ɗawainiya da mu. Ɗan mutunci, ɗan asali. Uwarsa tare muka yi makarantar allo."

Khairunnisa ta ci gaba da tuƙi.

"Ba da ke nake ba?"

"Ina ji, Umma."

"Kina ji, amma kin toshe zuciya. Ni dai na faɗa miki, in ina numfashi ba za a yi min gorin jikoki masu ƙarnin jini ba."

"Umma, naman da muke ci kullum fa wani ne ya yanka."

"To ki je ki auri mai yankan, ki ga ko zan taka gidanki. Tuƙa min jirgi, kar ki kifar da ni da rashin kunya."

Hawaye ya cika idon Khairunnisa har ba ta ganin gabanta sosai. Ta goge da gefen mayafi, ta ci gaba da tuƙi.

Sun yi tafiya mai ɗan nisa, sai jagora ya ratse da su wani tsibirin yashi da taɓo da janyewar ruwa ta fito da shi. Ya ce da Turanci za a huta a nan a yi hoto, amma kowa ya tsaya kan yashi, kar a cire takalmi, don wurin cike yake da ɓawon katantanwa mai kaifi. Ya nuna musu saiwoyin itatuwan da suka huda taɓo suka fito tsaye, ya ce da su itacen ke shan iska, kar a taka. Ya ƙara da cewa ba za a daɗe ba, ruwan teku ya kusa dawowa.

Hajiya ta ƙi fitowa. Aka ja jirgin nata zuwa kan yashi da ita a ciki, ta zauna daram, Haidar na zagaye ta da waya yana cewa, "Umma, ɗan murmushi, shwaiya, kaɗan kawai."

A nan ne Badaru ya hango wani jirgi mai kujera ɗaya yana fitowa daga lungu. Ba tafiya yake ba, juyi yake. Ya yi dama ya cusa hanci cikin rassa, ya ja baya, ya yi hagu ya cusa. Badaru ya fashe da dariya.

"Kai, zo ka ga wani ɗan ƙauye! Wallahi ko Indiyawa leburorin unguwar Al Quoz sun fi wannan..."

Dariyar ta maƙale masa. Ya gane mai jirgin.

Khairunnisa ta waiga. Zailani ne, cikin shadda ruwan toka da hula, rigar ceto a kai, duk ya jiƙe sharkaf. Wato ma shigar zuwa gaban surukai ya yi. Da kyar ya kawo jirgin bakin tsibirin ta can ɗaya gefen, ya fito yana tangaɗi.

Badaru ya juyo ya kalli ƙanwarsa. "Ke kika kira shi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Munafuka! Mu za ki mayar 'yan iska?"

Zailani bai kalli kowa ba. Ya sunkuya ya zare takalmansa, ya ajiye su a cikin jirgi. Jagora ya ɗaga murya yana yarfa hannu, yana cewa ya mayar, ya mayar. Ina! Ɗan Bahaushe zai tunkari uwar matar da yake nema da takalmi a ƙafa? Ya tako a hankali yana kauce wa saiwoyin nan, ɓawon katantanwa na ƙara a ƙarƙashin tafinsa. Ya ɗan runtse ido sau ɗaya, bai tsaya ba. Da ya rage 'yar tazara tsakaninsa da jirgin Hajiya, ya tsuguna a cikin taɓo, ya sunkuyar da kai.

"Barka da yamma, Hajiya. Mun same ku lafiya?"

Hajiya ta kawar da kai tana kallon tsuntsaye.

"Haidar," ta ce, "waɗancan masu dogon wuyan, ana cin su kuwa?"

"Haram ne a nan, Umma, kama mutum ake yi," in ji Haidar, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Barka da yamma, Hajiya," Zailani ya maimaita. "Ya gajiyar hanya? Ya mutanen gida?"

Hajiya ta ci gaba da kallon tsuntsayenta. Badaru ya tako ya tsaya a kansa.

"Malam, wai kai ba ka da zuciya ne? An kore ka a gida, ka biyo mu cikin ruwa? Tashi ka ɓace min da gani kafin in tsoma kanka a taɓon nan."

"Yaya, gaisuwa na kawo wa Hajiya. In ta amsa zan tashi."

"Waye yayanka? Ni na yi maka kama da mai jan saniya zuwa kwata?"

Haidar ya matso, ya sassauta murya irin ta 'yan kasuwa in suna son a bar musu kaya da araha.

"Habibi, ji nan. Magana ta ƙare, khalas. Ka tashi ka tafi da mutuncinka. Mata sun cika Gusau, inshallah za ka samu daidai kai."

Zailani bai ko ɗago ba. Khairunnisa ce ta hango jan da ke tsatsowa daga ƙarƙashin ƙafarsa yana bin ruwan taɓo.

"Yaya, ƙafarsa jini take yi!"

Badaru ya leƙa, ya taɓe baki. "To sai me? Jini ai ba baƙonsu ba ne, a cikinsa aka yaye su."

Maganar ta soki Khairunnisa. Ta durƙusa a gefen jirgin mahaifiyarta, ta kama bakin hijabinta.

"Umma, don girman Allah. Kalma ɗaya ce. Ki ce masa lafiya, ya tashi. Ko maƙiyinki ne ya gaishe ki ai kya amsa."

Hajiya ta fizge hijabinta. "Ni za ki koya wa addini? Na san abin da amsawar take nufi, shi ma ya sani. Yau in ce lafiya, gobe in ga tsofaffi da goro a ƙofar Sanda."

Sai a sannan ta juyo ta dubi Zailani, ido cikin ido, irin kallon da uwa ba ta yi wa wanda take ɗauka suruki.

"Kai Zailani kake ko wa? Buɗe kunnenka. Ubansu ya rasu ya bar min su ƙanana. Na ɗauki jaka na shiga jirgi ina saro kaya, dangin ubansu suka sa ni a baki. Suka ce 'ya'yan mace mai yawon Dubai ba za su yi albarka ba. Na haɗiye. Na yi musu tarbiyya, na yi musu karatu, ban bar wa kowa abin faɗa ba. Yau kuma da furfurata ka zo ka ba su abin da suka daɗe suna jira? Su zauna a gidan biki su ce ga ta nan, ta kai 'yar Alhaji gidan mahauta?"

Muryarta ta karye a ƙarshe, ta yi saurin gyara ta.

"Hajiya," in ji Zailani, kansa a ƙasa, "ban zo musu ba. Mahaifina mahauci ne, ba na ɓoyewa, da sana'ar ya ciyar da ni ya sa ni makaranta, bai taɓa ba ni haram ba. In kin ce ban isa ba, ke uwa ce. Amma ki faɗa min bayan kin amsa gaisuwata. An koya min ba a tashi a gaban babba sai ya amsa."

"To ka kwana a nan."

Ruwa ya fara dawowa. Ba da hayaniya yake zuwa ba, silalowa yake, ya cike ramukan ƙaguwa, ya shafe sawun ƙafafu. Jagora ya dubi ruwan ya tafa hannu.

"Yalla, yalla! Kowa ya shiga jirgi," ya ce da Turanci. Ya zo kan Zailani yana roƙo, yana nuna masa ruwan da ya riga ya rufe masa idon sawu. Zailani ya ba shi haƙuri, ya ce yana zuwa. Bawan Allah ya dubi wannan ya dubi wancan, ya rasa gane wace irin rigima ce ta sa mutum mai hankali tsugune a taɓo da shadda.

Badaru da Haidar suka shiga nasu. Badaru ya tura da filafili suka yi gaba.

"Ki taho da Umma," ya jefo wa ƙanwarsa. "In ya ga ruwa a wuyansa zai tuna hanyar gida."

Khairunnisa ta shiga ta zauna a bayan mahaifiyarta. Ruwa ya riga ya fara ɗaga jirgin yana lilo da shi. Ta ɗauki filafili, ta waiga. Ruwan ya kai wa Zailani ƙugu, shaddarsa ta taso tana yawo a kai, shi ko motsi bai yi ba.

"Tuƙa," in ji Hajiya.

Hannun Khairunnisa ya ƙi.

"Auta, na ce ki tuƙa!"

"Umma, bai iya ruwa ba."

"Ni na aike shi?"

"Ba zai tashi ba, na san shi. Umma, ban taɓa saɓa miki ba. Kin ce in karanta harhaɗa magani, ba shi nake so ba, na karanta. Kin ce in zauna gidan Yaya, na zauna. Ban ce ki so shi ba. Ki amsa kawai, don darajar mahaifina da ke kabari."

"Kar ki ƙara sako min ubanki a wannan ƙazamar maganar! Da yana raye, wannan ko ƙofar gidanmu ya isa ya tsaya?"

Kuka ya ƙwace wa Khairunnisa, irin wanda ba a iya rufe shi da mayafi. Ta ajiye filafilin a hankali. Ta zura ƙafa ɗaya cikin ruwa, ta zura ɗayar.

"Ina za ki? Ke! Dawo nan!"

Ba ta dawo ba. Ta ratsa ruwan, abayarta na jan ta baya, ta je ɗan nesa kaɗan da Zailani, ta fuskanci mahaifiyarta, ita ma ta tsuguna. Sanyin ruwan ya ratsa ta har ƙashi.

"Khairi, tashi," Zailani ya ce ƙasa-ƙasa. "Wannan ba naki ba ne. Don Allah tashi."

"Tare za mu jira," ta ce.

Abin da ba wanda ya yi tunani shi ne jirgin. Da nauyin mutum ɗaya ya ragu, ruwa ya ɗauke shi cak daga kan yashi, ya juya hancinsa, ya fara ja da shi zuwa lungun da igiyar ruwa ke bi. Hajiya ta ƙanƙame gefe da gefe ta kurma salati.

"Innalillahi! Badaru! Badaru!"

Su Badaru sun yi nisa. Suka yi ƙoƙarin juyowa, wannan ya tuƙa dama wancan ya tuƙa hagu, jirginsu ya shige cikin rassa. Jagora ya yi tsalle zuwa nasa. Amma igiyar da ke ɗaure a hancin jirgin Hajiya ta biyo ruwa ta gifta ta gaban Zailani. Ya miƙa hannu ya cafke ta, ya naɗe a damtse. Jirgin ya fizge shi har ya kusa kifawa, ya kafa gwiwa a taɓo ya riƙe. Ko a nan ma bai miƙe ba.

Jirgin ya tsaya yana rawa. Hajiya na haki, ga ta ga shi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi tsawon tabarma ba. Ruwa ya kai masa ƙirji. Ta dubi igiyar da ke hannunsa, ta dubi kansa da ke sunkuye har yanzu, sannan ta dubi 'yarta tsugune a gefensa, leɓɓanta na karkarwa.

"Sake min igiya," ta ce.

"In na saki ruwa zai tafi da ke, Hajiya."

"Na ce ka saki!"

"Ki yafe min, wannan kam ba zan iya ba." "Barka da yamma, Hajiya. Mun same ku lafiya?"

Ruwa na ta ƙara a jikin roba. Jagora ya iso ya kama gefen jirgin. Hajiya ta kawar da kai. Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba.

"Lafiya lau," ta ce. "Ya aiki? Ya ka baro mutanen gida?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi."

"Madalla. Tashi."

Ya miƙe da kyar, ƙafafunsa sun sage. Khairunnisa ta miƙe ita ma, wani farin ciki ya taso mata. Ta nufi jirgin tana kuka tana dariya.

"Umma, na gode! Allah Ya saka..."

Hajiya ta ɗaga mata hannu. "Tsaya nan inda kike."

Khairunnisa ta tsaya.

"Na amsa. Kai, ka turo magabatanka wajen Sanda, zan ce ya ba ku. A ɗaura, a kai ta, ba zan hana ba." Ta juyo ga 'yarta, muryarta ta yi sanyi ƙalau, wanda ya fi faɗan ciwo. "Ke kuma, a gaban yayanki, a gaban ɗan ƙawata, a gaban baƙon da ko yarenmu ba ya ji, kika bar ni cikin ruwa ni kaɗai kika je kika tsuguna gefen namiji. Kin nuna min inda kike. Ki nemi wadda za ta yi miki jere, ki nemi wadda za ta zauna miki ranar haihuwa. Ni na gama nawa."

"Umma, wallahi ban san jirgin zai tafi ba! Umma, ki tsaya ki ji!"

"Hajiya, laifina ne," in ji Zailani da sauri. "Ni na zo, ni na ja. Ki ɗora min, kar ki ɗora mata."

Ya yunƙura zai koma ya tsuguna. Hajiya ta ce, "Kar ka soma. Taka na amsa, ba ni da sauran magana da kai."

Ta miƙa hannu ta zare igiyar daga hannunsa, ta jefa wa jagora, ta nuna masa hanya da haɓa. Mutumin ya dubi Khairunnisa, ya ce mata da Turanci ta tsaya kan tudun yashin, yanzu zai kira wani jirgi ya zo ya ɗauke ta. Ya ɗaura igiyar a bayan nasa ya fara ja.

Khairunnisa ta bi su cikin ruwa, taɓo na riƙe mata ƙafa.

"Umma!"

Jirgin ya ci gaba, kujerar baya babu kowa. Hajiya ta ɗauki filafilin da ke cinyarta, wanda tun da aka fito ba ta tsoma shi a ruwa ba, ta fara dukan ruwan da shi ba bisa ƙa'ida ba, yana fallatsa mata a fuska.

"Umma, ki yafe min! Umma!"

Zailani na tsaye a bayanta, ya samu abin da ya zo nema, amma ya kasa ɗaga ido ya dube ta. Ta sake kira har muryarta ta dushe, balbelun da ke kan rassa suka tashi. Hajiya ba ta waiwayo ba, ba ta kuma amsa ba, har jirgin ya sha kwana cikin itatuwa.